Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Sarakunan Zango, Limamai Da Magajiyoyin Kumasi Kan Masu Tallan Maganin Ciki

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Iyayenmu sarakunan Zango, Allah ya ja zamaninku, ya ƙara muku lafiya da nisan kwana. Malamanmu limaman Juma'a da na masallatan unguwa, Allah ya gafarta muku. Iyayenmu magajiyoyi, muna miƙa gaisuwa da ban girma.

Ni 'yarku ce, haifaffiyar Aboabo, ma'aikaciyar jinya da ta ajiye aiki bayan ta tsufa tsakanin ɗakin yara da ɗakin waɗanda aka yi wa aikin ciki. Ba da bakina kaɗai nake magana ba. Mun zauna da 'yan'uwana 'ya'yan Zango masu aikin asibiti, da ungozomomi, da wasu malaman da ke koyar da kimiyya a makarantun Islamiyya na Asawase, Sawaba, Akwatia Line da Tafo Zango, suka ce in rubuta da yawunsu. Mun fito da maganar fili ne saboda ta shafi kowane gida, ba don mun manta da hanyar fada ba. Idan harshe ya yi kaifi a wani wuri, a yafe mana, zafin abin da muke gani ne.

Abin da ya sa muka ɗauki alƙalami shi ne shirun da aka yi wa masu tallan maganin ciki. Ranar Juma'a, kafin liman ya gama addu'a, mota mai lasifika ta riga ta tsaya a bakin masallaci. Da asuba lasifikokin unguwa ne ke tashe mu da talla, da dare kuma rediyo ya karɓa. Kwalba ɗaya, in ji su, tana kashe olsa, ta ƙone basir, ta wanke taifot, ta kori shawara, ta ƙara wa maigida ƙarfi. Kafin mai talla ya faɗi kuɗin kwalbar, sai ya fara ba da darasi a kan yadda cikin mutum yake: datti ya daskare a hanji, maiƙo ya toshe hanya, zaƙi ya haifi tsutsa. Yau a Zango babu mai koya wa jama'a yadda cikinsu ke aiki da harshen da suke ji, sai mutumin da ke da kwalbar sayarwa. Wannan shi ne kukanmu, kuma ku ne masu ƙofar masallaci da filin unguwa da ake yin wannan darasi a cikinsu.

Abin ya fi ciwo idan aka tuna cewa mutanenmu sun san kayan ciki da ido. Duk Babbar Sallah yaro ɗan shekara goma yana tsaye ana feɗe rago. Ya san tumbi, ya san hanji, ya san hanta, ya ji ana cewa a cire matsarmama a hankali kada ta fashe ta ɓata nama. Irin waɗannan kayan ne a cikinsa, sai dai tumbin rago ɗaki huɗu ne, na mutum ɗaya. Amma har ya girma ya yi iyali ba wanda zai zaunar da shi ya ce masa ga aikin kowanne. Ku ba ni dama in faɗa a taƙaice, domin duk ƙorafinmu a kansa ya ginu.

Narkewar abinci daga baki take farawa. Babban mutum yana da haƙora 32, kuma bakinsa na fitar da yawu lita 1 zuwa 1.5 a rana, yawun da ke ɗauke da sinadarin da ke fara farfasa tuwo da shinkafa tun kafin a haɗiye. Loma na bin bututun abinci mai tsawon kusan santimita 25, tsoka ce ke matsa ta har ƙasa, inda wani zoben tsoka ke buɗewa ta shiga tumbi ya sake rufewa. Tumbi jaka ce ta tsoka. Tana dama abinci da ruwan asid mai ƙarfi wanda ke kashe yawancin ƙwayoyin cutar da aka haɗiye, ya kuma fara narka nama da wake da ƙwai. Abin da ya hana asid ɗin cin tumbin kansa shi ne wani yauƙi mai kauri da Allah ya shafe bangon da shi. Bayan awa 2 zuwa 4 abincin ya zama kunu, tumbi na sakinsa kaɗan-kaɗan zuwa ƙaramin hanji, mai tsawon kusan mita 6 a naɗe. A nan ne babban aiki yake. Hanta na aiko da ruwan ɗaci da ta tara a matsarmama don narka mai, wata gaɓa kuma da ke kwance bayan tumbi, wadda likitoci ke kira fankiriyas, na aiko da nata ruwan. Fankiriyas ɗin ce kuma ke yin insulin da ke daidaita sukari a jini. Bangon hanjin na tsotse amfanin abincin, jini ya ɗauke shi ya fara kai wa hanta ta tace kafin ya zaga jiki. Ragowar ta wuce babban hanji, mai tsawon kusan mita 1.5, ya tsotse ruwan da ya saura, dubban miliyoyin ƙwayoyin halitta masu amfani da ke zaune a can su yi nasu aikin, sannan a fitar. Tafiyar duka kan ɗauki kwana 1 zuwa 3.

To ranku ya daɗe, a ina dattin yake daskarewa? Wannan ne ƙorafinmu na farko. Fatar cikin hanji da kanta take sabuntuwa cikin kwana 3 zuwa 5, ba bututun kwata ba ce da za a ce shekara da shekaru abu ya manne mata. Abin da mutum ke gani yana zuba bayan ya sha maganin wankin ciki, har ya ce alhamdu lillahi ciwo ya fita, ruwan jikinsa ne da gishirin jininsa. Kullum ruwa kusan lita 8 zuwa 9 ke bi ta hanji, idan aka haɗa wanda aka sha da yawu da ruwan tumbi da na hanta, kuma hanji na mayar da kusan dukkansa jiki. Maganin wanki wannan mayarwar yake hanawa. Saurayi mai jini a jika zai galabaita ya tashi. Tsohuwa mai shan maganin hawan jini, ko mai ƙoda da ta fara gajiya, ana iya kawo ta asibiti ba ta san inda take ba. Wanda kuma ya mayar da shi al'adar kowane mako, a hankali bayan gida ya daina zuwar masa sai da kwalbar, shi ke nan mai talla ya samu abokin ciniki na dindindin. Mutane da yawa ma ba su da taurin ciki, an dai tsorata su ne. Daga sau 3 a rana har zuwa sau 3 a mako duk lafiya ce, muddin yana fita ba wahala.

Mai taurin ciki na gaskiya maganinsa na kasuwar Asawase a kan faranti: ayoyo, zogale, kuɓewa, kuka, alayyafo, wake, gwanda, lemu da abarba, da ruwa isasshe, da tafiyar ƙasa. Sai dai akwai wani dalili da ba a son faɗa, kuma ya shafe ku kai tsaye. Gidajen haya da yawa a unguwanninmu ba su da masai. Wasu masu gida sun mayar da wurin ɗakin haya. Mace mai kunya ba za ta tsaya layin masan kuɗi da rana tsaka ba, sai ta matse har dare. Yaro ba shi da kuɗin shiga sau biyu, sai ya riƙe. Duk daɗewar da bayan gida ya yi a babban hanji, ƙara tsotse ruwansa ake yi yana ƙara tauri, sai yunƙuri, yunƙurin nan kuma shi ke kumbura jijiyoyin dubura su zama basir. Wato ciwon da ake sayar mana da maganinsa a ƙofar masallaci, wani ɓangarensa a tsarin gidajenmu aka haife shi. Ba mu taɓa jin an kira mai gida fada an tambaye shi inda mutum talatin da ke biyansa haya suke zagayawa ba.

Ƙorafi na biyu ya fi taɓa ni, domin na yara ne. Bentuwa, robar nan da ake ɗura wa mutum ruwan magani da ita ta dubura, ta shiga gidajenmu ta zauna. Yaro ya yi zazzaɓi, bentuwa. Ya ƙi cin abinci, bentuwa. Yana gudawa ma, a ce a wanke sauran dattin, a niƙa citta da barkono, wani lokaci har da sabulu, a ɗura masa ta ƙasa. Ba zan manta da wata yarinya 'yar wata takwas ba da kakarta ta goyo zuwa ɗakinmu da tsakar dare. Idanunta sun faɗa, maɗigarta ta lotsa, tana buɗe baki kamar za ta yi kuka amma babu murya babu hawaye. Na ja fatar cikinta na saki, ta tsaya a tattare ba ta koma ba. Duburarta ta yi ja jawur ta saluɓe. Kakar na riƙe da gefen mayafinta tana cewa, "'Yata, wallahi sau uku na yi mata yau, ban yi sakaci ba." Gaskiya ta faɗa, ba ta yi sakaci ba, iyakar abin da aka koya mata ta yi. Da ƙyar aka samu jijiya a kan yarinyar aka sa mata ruwa, Allah ya yi da sauran kwananta.

Abin da ke kashe yaro mai gudawa ƙarewar ruwa ne, kuma maganinsa ya fi kowace kwalba araha. Garin ORS, wato haɗin gishiri da sukari mai mayar da ruwan jiki, na nan a kowane kantin magani da kowane asibiti, a dama shi yadda aka rubuta a jikin ledar, a haɗa da ƙwayar zinc ta kwana 10 zuwa 14, a ci gaba da ba da nono. Inda babu, ƙaramin cokali 6 na sukari a shafe da rabin ƙaramin cokali na gishiri a lita 1 ta ruwa mai tsabta. Sukarin ba don daɗi aka sa shi ba, shi ne ke jan gishiri ya ratsa bangon hanji, ruwa kuma ya bi gishirin. Tun 2012 Ghana ta sa rigakafin rota, ƙwayar cutar da ta fi jawo wa jarirai muguwar gudawa, cikin rigakafin da ake yi wa yara kyauta a wurin awo. Kuma ba mu manta da 2014 ba, shekarar da kwalara ta kama mutum fiye da 28,000 a ƙasar nan ta kashe fiye da 240, mafi yawansu a yankin Accra, a unguwanni masu cunkoso da ƙarancin masai irin namu. Iyayenmu magajiyoyi, ku ne kuke zaune a kowane suna da kowane biki. Kalmarku ɗaya a kan bentuwa ta fi takardar asibiti ɗari.

Na uku, olsa. Kusan duk wanda ya ji zafi a ƙahon zuciya a Zango ya riga ya yanke wa kansa hukunci cewa yunwa ce ta ba shi gyambon ciki, ko barkono, ko tunani. Waɗannan na iya tayar da zafin, amma ba su ne ke haƙa gyambon ba. Manyan dalilansa biyu ne. Na farko wata ƙwayar cuta ce mai suna H. pylori da ke iya rayuwa cikin yauƙin tumbi tana raunana shi har asid ya samu hanyar cin bango. Likitoci biyu a Ostareliya, Barry Marshall da Robin Warren, su suka gano ta a 1982. Da aka ƙi yarda da su, Marshall ya sha ƙwayar da kansa a 1984 ya kamu da kumburin tumbi, a 2005 kuma aka ba su kyautar Nobel. Kusan rabin mutanen duniya na ɗauke da ita, galibi tun yarinta ake ɗaukarta a gidaje masu cunkoso, ko da yake ba kowa take yi wa gyambo ba. Ana gane ta da gwajin bayan gida ko na numfashi, ana kuma kashe ta da haɗin magungunan kashe ƙwayoyin cuta da na rage asid na kwana 10 zuwa 14. Ciwon da mako biyu zai raba mutum da shi, sai ka ga ya shekara goma yana shan madara da jiƙe-jiƙe, yana kashe sidi a kan sidi. Tun 1994 kuma hukumar binciken cutar kansa ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa wannan ƙwaya cikin abubuwan da ke jawo kansar tumbi.

Dalili na biyu a aljihun samarinmu yake. Masu tuƙa aboboya da pragiya, wato babura masu ƙafa uku na kaya da na fasinja, masu dako a Kejetia da Alabar, 'yan mata masu kaya a ka, da yawansu ba sa fara aiki sai sun haɗiyi maganin ciwon jiki. Diclofenac, ibuprofen, asfirin, sau da yawa a ƙulle cikin leda ɗaya ba suna, a kora da kofi ko abin sha mai ƙara kuzari, ciki wayam. Waɗannan magunguna suna rage yauƙin da ke kare tumbi. Wani maƙwabcinmu matuƙin aboboya ya kwana uku yana bayan gida baƙi ƙirin mai danƙo da wari na daban. Ya faɗa wa mai magani, aka ce masa ai dattin ne ya fara fita, a ƙara kwalba. Baƙin nan jini ne da ya zubo daga tumbi, asid ya dafa shi kafin ya fito. A bakin famfon alwala ya yanke jiki ya faɗi, tafin hannunsa fari fat. Sai da 'yan'uwa suka yi layin ba da jini kafin ya dawo hayyacinsa. Da ya ji sau ɗaya a masallaci cewa baƙin bayan gida alamar zubar jini ce, da tun ranar farko ya tafi asibiti da ƙafarsa.

Allah ya gafarta malamai, a nan akwai tambayar da ku ake kawo wa ba mu ba. Duk azumi masu gyambon ciki na tambaya ko su ɗauka ko su ajiye, wasu kuma kunya ke sa su ɗauka har su yi aman jini. Hukuncin naku ne, Alƙur'ani ya yi wa marar lafiya rangwame. Abin da muke roƙo shi ne a tura mai tambaya ya gwada tukun, domin wani ƙwannafi ne kawai ke damunsa, na cika ciki da ƙosai da pinkaso da waakye mai shito a lokacin buɗa baki sannan a kwanta nan take, asid ya tura zoben nan na bakin tumbi ya hau ƙirji. Wannan gyaran cin abinci yake buƙata, kuma ku kuka fi mu sanin hadisin sulusin abinci, sulusin abin sha, sulusin numfashi. Wani kuwa gyambo ne mai zubar da jini, wanda dole a yi masa magani kafin a yi zancen azumi.

Na huɗu gajere ne amma ya ci rayuka. An mayar da basir, ko kooko kamar yadda maƙwabtanmu Asantawa ke cewa, sunan kowane jini da ya fito ta ƙasa. Basir na nan, amma atini ma na zubar da jini, kansar babban hanji ma haka. Mun ga dattawan da suka shekara suna shan maganin basir suna ramewa, aka zo asibiti bayan ciwon ya bazu. Haka ciwon ciki mai tsanani da ciki ya ƙame ya yi tauri: yana iya zama afendis, yana iya zama taifot ce ta huda ƙarshen ƙaramin hanji, abin da likitocin tiyata a asibitin Komfo Anokye da muke kira Gee suka saba gani a yara. Wanda hanjinsa ya huje aka ba shi maganin wanki ko aka yi masa bentuwa, an ƙara tura ƙazanta cikin cikinsa ne. Irin wannan awa ake ƙirgawa, ba kwana ba.

Sai hanta, wadda ba ta kuka sai ta kusa ƙarewa. Nauyinta kusan kilo 1.5, kuma tunda duk abin da hanji ya tsotsa ita yake fara isa, ita ke karɓar dukan kowane jiƙo da ba a san abin da ke cikinsa ba, da kowane bitas mai giya da ake sayar wa Musulmi da sunan sassaƙe, da farasitamol idan babba ya wuce ƙwaya 8 masu miligiram 500 a rana. Gyaɗa da masarar da suka yi fumfuna na ɗauke da gubar aflatoksin mai jawo kansar hanta, kuma mun san rubabbiyar gyaɗar da aka tsince ba zubarwa ake yi ba, araha ake sayar da ita a niƙa. Ciwon hanta nau'in B ya yi yawa a cikinmu, jahilcin da ke kewaye da shi kuma ya fi shi yawa. Ana cewa ta gumi ake ɗauka, sai a ware wa mutum kwano da kofi, a guje shi a sahu, har aure ya mutu. Ba ta gumi ko cin tuwo a kwano ɗaya ake ɗauka ba. Ta jini ne, da saduwa, da uwa zuwa jariri lokacin haihuwa, da aska ko reza ɗaya da aka yi wa mutane da yawa aski, kaciya, ƙaho ko yankan farce. Jaririn da ya kamu, kusan 9 cikin 10 cutar na zama a jikinsu har girma. Tun 2002 rigakafinta na cikin alluran yara a Ghana, ma'ana duk wanda aka haifa kafin nan sai ya nemi gwaji da rigakafi da kansa. Masu talla kuwa na rantsuwa cewa wata uku kwalbarsu za ta goge cutar, mutum ya bar asibiti, sai ya dawo da ido rawaya da ciki cike da ruwa.

Kada a ce muna yaƙi da maganin gargajiya. Da saiwa da ganye aka rene mu, kuma akwai masu magani na gado a Zango da suka san iyakarsu, suke cewa wannan ba nawa ba ne, tafi asibiti. Ƙasar nan ma ta ba fannin matsayinsa: akwai cibiyar binciken magungunan tsirrai a Mampong Akuapem tun 1975, jami'ar KNUST da ke nan garin na koyar da shi har matakin digiri, dokar 2000 mai lamba 575 kuma ta kafa majalisar da ke yi wa masu maganin gargajiya rajista. Dokar lafiyar jama'a ta 2012 mai lamba 851 ta hana tallata magani ga jama'a a matsayin waraka ba tare da amincewar hukumar kula da abinci da magunguna, wato FDA, ba. Doka na nan. Amma jami'in hukuma ba ya sallar Juma'a a kowane masallaci, ku kuwa kuna nan, kuma ba mai kafa lasifika a ƙofarku ba da saninku ba.

Saboda haka ga abin da muke roƙo, da ladabi.

Muna roƙon sarakuna da kwamitocin masallatai su hana tallan magani a harabar masallaci da filayen unguwa sai mai shi ya nuna rajistarsa, da lambar FDA a jikin kwalbar, da shaidar an amince da tallan. Wanda ya ce kwalba ɗaya na maganin cuta goma, ko tana goge ciwon hanta, a sallame shi, a kuma sanar da ofishin hukumar na Kumasi. Masu lasifikokin unguwa da masu shirye-shiryen Hausa a rediyo 'ya'yanku ne, ku kira su ku faɗa musu haka.

Muna roƙon limamai su ba mu minti 10 bayan sallar Juma'a sau ɗaya a wata, da ɗan lokaci a wuraren tafsiri kafin azumi ya yi nisa. Ba ma neman ko kobo. Za mu zo da zanen cikin mutum mu yi bayani da Hausa, mata su yi wa mata, maza su yi wa maza. Kafin nan ma, muna roƙo a karanta wa jama'a alamomin da ba a jira da su: aman jini, baƙin bayan gida, jini ta ƙasa musamman ga wanda ya manyanta, rama ba dalili, abinci na tsayawa a ƙirji, ido ya yi rawaya, ciki ya ƙame da zafi, da yaro mai gudawa da ya kasa sha ko ya daina fitsari.

Muna roƙon magajiyoyi su ɗauki zancen bentuwa da ORS su shiga da shi sunaye da bukukuwa da makarantun matan aure, su kuma tsaya a kan kowace mai ciki ta yi gwajin ciwon hanta a wurin awo, domin idan an sani da wuri akwai allurar da ake yi wa jariri cikin awa 24 da haihuwa.

Muna roƙon fada ta tara sarakunan aska a yi yarjejeniya: reza ɗaya, mutum ɗaya, kayan ƙaho da na kaciya kuma a dafa su. A tara masu sayar da waakye, tuwon zafi, koko da fura a nemi jami'an tsabta su duba lafiyarsu, a sa ruwa da sabulu a kowane wurin cin abinci.

Muna roƙon a kira masu gidajen haya a ba su wa'adin gina masai, kuma idan ana zaman neman ayyuka da 'yan majalisa, da hukumomin Asokore Mampong da na birnin Kumasi, da Asusun Raya Zango da aka kafa da dokar 2017, a sa masai da ruwan famfo a sahun farko. A nemi Hukumar Lafiya ta Ghana ta kawo gwajin ciwon hanta da rigakafinsa cikin unguwa, ko da ranar 28 ga Yuli ce da duniya ta ware wa cutar, a haɗa da sabunta katin inshorar lafiya ga tsofaffi da marasa hali, domin mutuwar kati na cikin abin da ke tura mutane wurin mai kwalba.

Duk ranar da kuka sa mana, a fada ko a masallaci, za mu zo mu da zanenmu da ledojin ORS, mu amsa tambayar kowa, har da ta masu maganin idan suna so a zauna da su.

Allah ya ƙara wa sarakuna lafiya, ya saka wa malamai da iyayenmu mata da alheri.

Wassalamu alaikum.

'Yarku,
Ma'aikaciyar jinya mai ritaya,
a madadin 'ya'yan Zango ma'aikatan lafiya da malaman makaranta,
Aboabo, Kumasi.